Kwana Tara Muna Jinyar Kuncin Da Ba Shi Da Ciwo

Ina yi wa duk wanda wannan rubutu ya riska sallama, musamman masu tsofaffi a gida. Sunana Sakina, a Gwaram nake, ni ce autar Inna mai waina. Na rubuta ne don kada wani ya maimaita wautar da muka yi. Yanzu in an tuna dariya ake yi, Inna ma ta fi kowa, amma ni har yau maganar ba wasa ba ce a wurina. Saura ƙiris idon Inna na hagu ya tafi, mu kuwa muna can dama muna ta shafa mai.

Sai na fara da Baba kafin ku gane tsoronmu. Shekara biyu ke nan ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Aka kai shi asibiti a Birnin Kudu, kwana shida Allah Ya karɓi abinsa. Tun daga lokacin Inna ta tsani hanyar nan. Ko biki ake yi a can sai dai ta aika da gudummawa.

Ciwon Inna da damina ya zo. Kwana biyu kafin ya bayyana tana ta cewa bayan kunnenta na hagu yana mata zogi, na ce ɗaurin ɗankwalinta ne ya yi tsanani. Ta kuma ɗanɗana miyar da na yi ta ce lami ce, wai sakandare ta cinye mini hannu. Na ƙara gishiri, ta ce ban sa ba. Na ɗanɗana da kaina, kai ka ce kanwa na tafasa.

Da safe ta durƙusa gaban murhu za ta hura wuta, itacen ya sha raɓa. Na ji tana ta fuu, fuu, wuta ba ta tashi ba. Inna da ba ta hura wuta sau biyu! Na ce, "Inna, yau kuma lafiya?"

Ta ɗago za ta yi mini dariya. Bakin gaba ɗaya ya tafi dama.

Kwanon ƙullun da ke hannuna ban san lokacin da ya faɗi ba. Fuskar Baba kawai na gani. Na kama hannuwanta ina kuka ina cewa ta matse ni, ta miƙe ta taka in gani. Ta matse ni har sai da na yi ƙara, ta miƙe ta taka har bakin rijiya ta dawo.

"Ke Auta, ƙulluna kika zubar kuma kina mini kuka? Wa ya mutu?"

Sai da na kawo mata madubi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ikon Allah. Wannan kuma wace ce?"

Na ce mu tafi asibiti. Ta ce ko a mafarki.

Kafin azahar labari ya kai Fagam, kafin la'asar Gwaggo Talatu ta sauka daga kan mashin da ƙullin magani. Ƙanwar Baba ce, kuma tsakaninta da Inna wasan dangin miji ne tun ina ciki. Ta tsaya ta ƙare wa Inna kallo, ta ce, "Matarmu, wa kika harara a bakin rijiya?"

Inna ta ce, "Ke na hango kina tahowa."

Gwaggo ta yanke hukunci nan take: iska ce ta shafe ta, kuma ciwon iska ba ya son allura. Ana soka allura, in ji ta, sauran jikin zai bi. Ta kawo sunan mutum uku da aka yi wa haka. Ni da na yi karatun halittu a makaranta, har na zana ƙwaƙwalwa a jarrabawa na ci, sai na bi maganarta. Tsoro ba ya barin karatu ya yi amfani.

To ga inda muka ɓata. Ku dubi fuskar yadda muka gan ta. Ɓangaren dama ya tattare, baki ya haye can sama, kunci ya ɗaure tamau kamar ana jan sa da ƙugiya. Ɓangaren hagu kuwa sumul! Duk tamojin goshi ya goge, layin nan na gefen hanci ya ɓace. Gwaggo ta shafa kuncin hagu ta ce, "Kin ga na lafiyar nan, luwai-luwai kamar ranar da muka ɗauko ki. Wancan ne aka kama ake ja." Duk wanda ya shigo dubiya haka ya ce. Ni ma haka na gani. Ai inda aka murɗe nan ne ciwo, ko ba haka ba?

Sai muka duƙufa a kan dama. Safe da yamma ina murza kuncin da man zaitun da habbatus sauda, ina turo shi ƙasa wai ya saki. Gwaggo ta kan zuba garin magani a garwashi, a lulluɓe Inna da zani ta sha hayaƙi har sai ta yi tari. Rana ta huɗu aka kira Baba Wanzam, wanda shi ya yi wa duk 'ya'yan gidanmu askin suna. Ya buɗe zabira, ya tambayi inda ciwon yake, mu uku muka nuna masa dama. Ya yi 'yar tsaga uku a gefen muƙamuƙi ya kafa ƙaramin ƙaho. Da jini ya fito baƙi-baƙi Gwaggo ta yi hamdala, ta ce ga muguntar nan ta fito.

Ana haka Inna ba ta daina ba mu dariya ba. In za ta kurkure baki a alwala, ruwan ya tsiyaye ta hagu, ta ce butar fuskarta ta huje. In maƙwabciyarmu ta fara daka, ta toshe kunnen hagu ta ce a gaya mata ta daina daka a cikin kanta. Loma kuma ta kan maƙale a kuncin hagu, sai ta sa yatsa ta zaƙulo, ta ce ajiyar anjima ce.

Duk waɗannan a hagu suke faruwa. Ban haɗa su wuri ɗaya ba.

Idon kuma tun rana ta farko ba ya rufuwa. Ran nan ta kwanta da hantsi ta huta, na leƙa ɗakin na ga ido ɗaya a rufe, na hagu a buɗe, baƙin ya haye sama sai fari fat. Na ƙwalla ƙara na fito a guje ina salati. Gwaggo ta shiga ta fito tana dariya, ta ce, "Barci take, sakara. Jan da dama ke yi ne ya ɗage fatar. Da ya saki zai rufe." Muka ci gaba da hayaƙi. Ku tuna, idon nan a buɗe yake shan hayaƙin. Kuma da safe Inna ta koma gaban tanda, don ta ce karkataccen baki bai hana suya.

Ido ya fara ja. Ya koma kamar garwashi. Ta ce kamar an zuba mata yashi. Haske ya zame mata abokin gaba, sai ta ja mayafi ta kare.

Rana ta tara na ga tana tsince shinkafar waina ta kawo farantin har bakin hanci. Ku sani, abin alfaharin Inna a duniya shi ne shekara ashirin tana waina ba wanda ya taɓa tauna tsakuwa. Na zauna gabanta na rufe mata idon dama da tafin hannuna. Na ce, "Inna, yatsa nawa?"

Ta ce, "Ina ganin ki kamar ta cikin leda."

Ba ta yi wasa a wannan ba. Na ɗebo shinkafar da ta riga ta tsince na baza a tafin hannu, na ciro tsakuwa biyu na ajiye mata a cinya. Ta juya su da yatsa ta juya.

Ta ce, "In muka je asibitin suka ce allura fa?"

"Sai mu taso mu dawo."

Gwaggo ta ce to ƙafarta ƙafarmu, ita ce mai tsaron allura.

Washegari ana idar da asuba muka shiga mota. Inna ba ta ɗaga kai ba har muka isa Birnin Kudu, carbi kawai take ja. Ni kuwa da muka shiga ƙofar asibitin na hango barandar da na zauna lokacin Baba, sai na kau da kai. Layi kuma ba a magana: na yankar kati daban, na awon jini daban, na ganin likita daban, ga benci ya cika har ana zama a ƙasa. Wanda zai je ya tafi da ruwa da abin taɓawa da haƙuri mai yawa. Da ma'aikaciya ta ɗauko ɗan tsinken da ake huda yatsa don gwajin suga, Gwaggo ta yi tsalle ta shiga tsakani.

Matar ta ce, "Mama, ba zubawa zan yi ba, ɗiba zan yi. Ɗigo ɗaya."

Gwaggo ta yi tunani ta ce, "In ɗiba ce, ai ɗan'uwan ƙaho ne. Ɗebi."

Sai bayan azahar muka shiga. Likitan matashi ne mai fara'a. Ya gaida Inna, ya ce wa Gwaggo Hajiya, ita da ko Kano sau biyu ta je, nan take ta gyara zama. Ya sa Inna ta matse yatsunsa, ta ɗaga hannuwa, ta taka, ta faɗi sunan garinsu. Ya leƙa kunnenta. Sannan ya ce, "Inna, ɗaga mini gira, kamar an gaya miki tsadar shinkafa."

Girar dama ta tashi. Ta hagu ko motsi.

Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Na ce a raina wannan wane irin likita ne, gira ta mutu yana hamdala? Sai na yi ƙarfin hali na ce, "Likita, irin na Babanmu ne? Shi ma haka bakinsa ya yi."

Ya ajiye biro ya juyo gare ni. Ya ce ƙwaƙwalwa gida biyu ce, dama da hagu, kuma saƙonninta gicciye suke sauka: gidan hagu ke juya ɓarin jiki na dama, na dama ke juya na hagu. Da na gaya masa yadda na Baba ya kasance, ya ce to shi a cikin ƙwaƙwalwar abin ya faru, a gidan hagu, inda magana ma take ga yawancin mutane, shi ya sa hannu da ƙafa da harshe suka tafi tare. Ya ce amma goshi ɗan gata ne, gidajen biyu duka suke aiko masa saƙo, don haka in ciwon a sama yake goshi kan ci gaba da motsi. Na Inna da goshin ma ya kwanta, ga hannu da ƙafa garau, alama ce ƙwaƙwalwarta lafiya lau. Hanyar da saƙon ke bi ce ta toshe.

Sai a lokacin na gane dalilin hamdalar da ya yi.

Ya ce jijiya iri-iri ce, akwai ta jini, akwai ta kai saƙo. Na kai saƙo guda goma sha biyu ne suke fitowa daga cikin kai ta kowane gefe, wannan ta bakwai ce. Tana bi ta wani matsattsen rami a ƙashin bayan kunne, in ta kumbura sai ramin ya shaƙe ta, kamar ƙafa a takalmin da ya yi kaɗan. Ya ɗora tafin hannunsa a gefen fuskarsa ya baza yatsu biyar, ya ce haka take rassa: goshi, ido, kunci, leɓe, haɓa. Tana kuma da reshen ɗanɗano, da na hawaye, da wani ɗan ƙarami mai rage wa kunne ƙara.

Na ce, "Inna, kin ji? Miyata ba lami ba ce."

Ta ce, "Wannan karon."

Sai ya hango tsagar nan uku a dama, ga kuncin yana ƙyalli da mai. Ya ce, "Wannan fa?"

Gwaggo ta amsa da alfahari, "Nan ne ciwon, likita. Mun sha fama da shi."

Bai yi mana faɗa ba, Allah Ya saka masa. Ya ari gyalen Gwaggo ya ƙulla shi a tsakiya, ya ba ni gefe ɗaya ya riƙe ɗaya, ya ce in ja. Muka ja, ƙullin ya tsaya a tsakiya. Ya ce wannan ƙullin shi ne baki. Sai ya saki nasa. Ƙullin ya faɗo jikina.

"Hajiya, wa ya saki?"

"Kai."

"Ina ƙullin ya tafi?"

"Wajen yarinya."

"To wa ke da ƙarfi, wa ya kasa?"

Gwaggo ta dubi gyalen, ta dubi kuncin dama, ta dubi na hagu da ta ce na amarya ne. Ta kama haɓa. Inna ce ta fara dariya, da rabin bakinta, har tana dukan cinya. Ta ce, "Talatu, mun bar jaki muna dukan taiki! Kwana tara!"

Dariyar ba ta daɗe ba. Ya ɗiga mata wani ruwa mai launin ɗorawa a idon, ya haska da shuɗiyar fitila, ya kira ni in gani. Wani ɗan wuri ya yi kore shar a kan baƙin idon. Ya ce miki ne. Ido da ƙiftawa yake wanke kansa ya jiƙa kansa, wanda bai ƙifta ba bushewa yake ya tsage, balle an haɗa masa da hayaƙi. Ya ce, kuma kalmominsa ne ban manta ba: "Baki zai iya jiran mu. Ido ba ya jira." Da mun ƙara 'yan kwanaki, in ji shi, hakiya za ta iya rufe shi, ko da fuskar ta warke daga baya. Ya kuma ce akwai ƙwayoyin rage kumburin jijiyar da suka fi aiki a kwana ukun farko, mu kuwa mun bar su sun wuce. Wannan maganar har yau tana ci na.

Aka tura mu wajen masu duba ido, aka rubuta maganin ɗigawa da na shafawa, da filastar da za a liƙe fatar idon in za ta yi barci, da tabarau. Hayaƙi kuwa ko na murhu an hana. Allura ko ɗaya ba a yi ba, Gwaggo ta ce ai don sun ga tana wurin ne. Akuyarmu ɗaya ta tafi kasuwa a kan wannan jinya, ba mu yi baƙin ciki ba.

Makonnin da suka biyo ni na koma gaban tanda. Inna kan zauna can nesa inda iska ba ta kai hayaƙi, da baƙin tabarau, tana taunar cingam ta gefen hagu, don a ɓangaren gashin ƙashi na asibiti an koya mata motsa fuska gaban madubi, an ce ta riƙa taunawa tana hura balan-balan. Masu sayen waina sai su tsaya kallo. Wani dattijo ya ce, "Inna, an koma 'yan mata ne?" Ta ce, "Umarnin likita ne, Malam, kai ma je ka nemo naka." Daga can take ba ni oda: man ya yi yawa, juya ta gefe, wannan ta ƙone ki ci abarki. Wayata kuma tana ƙara duk bayan awa biyu, in wanke hannu in ɗiga magani. Jijiyar har suna ta samu a gidanmu. Maƙwabta in sun leƙo sai su ce, "Ya mai jiki? Ta-bakwai ta farka?" Inna ta ce, "Tana nan tana barcinta, 'yar sarauta ce."

Ni dai ba na dariya sosai a lokacin. Mun koma asibiti sau uku, mikin ya rufe a hankali, ya bar ɗan tabo a gefe wanda bai tare gani ba. Amma fatar idon ba ta sauka ba, kuma an gaya mana muddin ba ta rufe da kanta, mikin zai iya dawowa. Mako uku, mako huɗu, shiru. Na kan zauna in ƙura wa girar nan ido har Inna ta ce in tashi, kallon ya isa haka, ba talabijin ba ce.

A mako na biyar Gwaggo ta dawo daga Fagam da kaza, wai ta ban haƙuri ce ga kuncin dama. Tana zama ta ce, "Matarmu, ni fa na fi son ki da rabin bakin nan. Rabin faɗa ake sha."

Inna ta harare ta. Sai na ga wutsiyar girar hagu ta ɗan motsa, kamar ƙuda ya sauka ya tashi.

Na ce, "Gwaggo, sake tsokanar ta! Don Allah sake!"

Gwaggo ta ce ai wainar ma tun asali Yaya, wato Baba, haƙuri ya yi ta yi da ita. Gira ta sake motsawa. Na faɗi a tabarma ina kuka ina dariya, Gwaggo ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo suna tambayar wa ya haihu. Har gobe tana cewa ita ta warkar da ita, likita tayawa kawai ya yi.

Daga nan abin ya riƙa dawowa kaɗan-kaɗan, daga sama zuwa ƙasa. Wata biyu da 'yan kwanaki na leƙa ta tana barcin hantsi ba filasta, na ga ido biyu a rufe ruf. Na tsaya a bakin ƙofa na daɗe ina kallo. Tamojin goshin ma ya dawo ɗaya bayan ɗaya, Inna ta ce ita kam da an bar mata wannan gefen yadda yake. Baba Wanzam ya zo dubiya, ya ce shi inda aka nuna masa ya kafa ƙaho, amma daga yau duk mai irin wannan da aka kira shi, mota zai nuna masa.

Abin da nake roƙon ku kaɗan ne. In bakin wani ya karkace, kada ku tsaya gwada shi da kanku ko jiran mai magani, ku kai shi a ranar, don ba ku san ko irin na Baba ba ne ko irin na Inna. Ku duba idon da ba ya rufuwa, ku raba shi da hayaƙi. Kuma gefen da ya yi shiru, shi ne mai ciwon.

Yanzu wata shida ke nan. Wani abu ɗaya ya rage: in Inna tana cin abinci, idon hagu kan kawo hawaye. Likita ya ce jijiyar da take tsirowa wani reshen ya yi ɓatan kai, na yawu ya bi hanyar hawaye. Inna ta ce ƙarya ne, girkina ne yake sa ta kuka.

Ni ce dai ban gama warkewa ba. Kullum da safe kafin in gaishe ta sai na saci kallon fuskarta, ina zaton ba ta lura ba. Shekaranjiya na fito na tarar da ita durƙushe gaban murhu. Ta ɗago, ta ɗaga mini gira biyu har sama, ta rufe ido biyu ta buɗe, ta washe baki daidai wa daida.

"Kin ƙirga, Auta? Duk suna nan?"

Na ce, "Suna nan, Inna."

Ta sunkuya ta hura sau ɗaya. Wuta ta tashi.